Shekarar da Na Ƙi Rubuta Illolin Fim

Ranar Sallar da ta wuce ina cikin ɗaki ina ninke kaya, na ji ɗayanku a tsakar gida yana ba baƙi labarina. Ba zan faɗi sunansa ba, ya san kansa. Cewa ya yi Mama ta maimaita shekarar ƙarshe a makaranta saboda kallon fim a waya. Aka yi dariya, har wata ta ce ashe abin bai bar manya ba. Ban fito ba. Kun san ban iya tsayawa gaban mutane in kare kaina ba, ko a gabanku da na haifa. Abin da na iya shi ne rubutu, don haka ga shi na rubuta. Ku karanta a tsanake, kada wanda ya tsallake layi.

Ina da shekara arba'in da shida na koma karatu a jami'a, bayan na daɗe ina koyar da 'yan aji uku a firamare a nan Gusau. Sashen Hausa na shiga. 'Yan ajinmu duk sa'o'in babbarku ne, Mama suke kirana, kuma littafin rubutuna ya fi ni shahara, don da jarrabawa ta gabato a hannunsu yake yawo. A layin baya nake zama, jikin taga. Shekara huɗu ban ɗaga hannu ba ko sau ɗaya, ko da na san amsa, kuma yawanci na sani. Ban taɓa faɗuwa ko a darasi ɗaya ba. Takardun suna cikin akwatin ƙarfe, mai shakka ya je ya duba.

Wadda ta fi kowa ƙosawa in gama ita ce Inna, kakarku, da ke zaune a Bungudu gidan ƙanena. A ruga ta tashi wajen Karakkai, ba ta taɓa shiga aji ba. Wata rana ta ga hoton bikin yaye ɗalibai a gidan maƙwabta, tun daga nan ta ce sai ta gan ni da idonta cikin wannan riga mai kama da ta alƙalai. A shekarar da nake ba ku labari zuciyarta ta riga ta fara ba ta wahala, ƙafafunta suna kumbura, tafiya daga ɗaki zuwa zaure sai ta huta a tsakani. Duk zuwan da na yi, bayan gaisuwa, tambayarta ɗaya ce, saura wata nawa. Ni kuma abin da ya rage tsakanina da bikin nan kundin bincike ne kawai, wanda kowane ɗalibi yake rubutawa a shekarar ƙarshe.

Malamin da aka haɗa ni da shi don duba kundin, Malam Bawa, yana da kanta a bayan kujerarsa cike da kundayen ɗaliban baya, duk da shuɗin bango. Ranar da na fara shiga ofishinsa bai tambaye ni abin da nake son bincika ba.

"Hajiya, ke 'yar ina ce?"

"Bungudu."

Ya juya yana bin kantar da yatsa. "Gusau an yi. Tsafe an yi har sau biyu. Maru an yi. Bungudu ba a yi ba. Kin yi sa'a."

Ya rubuta mini batun a guntuwar takarda: illolin fina-finan Hausa ga tarbiyyar matasa a garin Bungudu. Na ari kundaye huɗu na je gida na karanta. Magana ɗaya ce, sunan gari kawai ake sauyawa. A na Tsafe ma an manta ba a sauya ba a wuri biyu, Gusau ce zaune a ciki. Babu wanda ya ambaci fim ɗaya da ya kalla. 'Yan ajinmu kuwa a ƙarƙashin bishiyar dogonyaro suke zama su cike takardun tambayoyin da ya kamata mutanen gari su amsa, suna musayar biro don kada rubutun ya zama iri ɗaya. Mako uku sun gama.

Ni ba zan iya rubuta illar abin da ban gani ba. Babanku ya kai wayata wurin masu tura fim a kasuwa aka cika ta. Kullum bayan la'asar in na ɗora tukunya sai in zauna a ƙofar kicin da littafi, na ja layi uku: sunan fim, minti nawa, laifi. Kuma laifi akwai shi. Na ga mayaƙin zamanin dā da agogo a hannu. Na ga inuwar mai kyamara a jikin bango. Mutum ya shiga ɗaki da shuɗiyar riga ya fito da fara. Ana tsakiyar makoki a yanke a kai mu rawa bakin ruwa. Na cika littafi biyu, kuma gaskiya na ji daɗin cika su. Shekara ashirin ina riƙe da jan biro, hannuna ya san aikinsa.

A haka Gwaggonku Larai, ƙanwar babanku, ta same ni. Ta zo daga Tsafe sayen yadin ɗinkinta, ta biyo cin abinci. Ta ɗauki littafin ba tare da ta tambaya ba, kamar yadda ta saba.

"Matar Yaya, mi kike rubutawa haka kamar mai ɗaukar sunayen 'yan wuta?"

Na yi mata bayani.

"To ai akwai abokin faɗanki. Bari in haɗa ku."

Ta buɗe wayarta ta nuna mini wani mutum da ke da shiri a intanet, kowane mako yana sakin bidiyo ɗaya. Ita tana kallonsa ne tana taka keken ɗinki, kuma ta sa masa suna Malam Ba-Laifi. Yana zaune a kujerar roba gaban wani labule da bai rataye daidai ba, zakara yana cara a bayansa. Gaisuwa kaɗai ta ci minti biyar, ya gaida na gida, ya gaida na waje, ya gaida masu jinya. Sannan ya ɗauko fim ɗin da kowa ya gama yi wa dariya, ya ce laifinsa kun riga kun gani, ba ku buƙatar ni, ni abin da aka yi daidai na zo nema. Na ce wa Larai na san irinsu, ragon malami ne mai ba kowa maki don kada a ƙi shi. Ta ce to, amma sai da ta tura mini guda goma kafin ta kama hanya.

Na kalle su ne don in kama shi. Har littafi na uku na buɗe domin shi kaɗai, kuma na samu abin rubutawa: yana maimaita magana, yana cewa duk Hausar yamma ta Sakkwato ce, sau biyu ya faɗi minti ba daidai ba. Abin da na kasa kama shi da shi ita ce ƙarya. In ya ce ku koma wuri kaza ku duba, in na koma abin yana nan. Ya nuna wani dattijon ɗan wasa da ke tuɓe takalmi duk sanda zai shiga ɗakin surukarsa, alhali kyamara ba ƙafarsa take nema ba. Ya nuna inda aka bar ƙarar daka daga gidan maƙwabta tana tafiya a ƙarƙashin faɗan mata da miji, ya ce ku saurara, ku ji yadda duniya ba ta tsaya musu ba. Ya nuna wata uwa da tun daga farkon fim har ƙarshe ba ta kira sunan ɗanta na fari ba, ko ranar da yake kwance asibiti. Wannan fim ɗin sau biyu na kalle shi, na fitar masa da laifi goma sha tara, ban lura ba. Ni da nake sashen Hausa. Ni da Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Haushin da na ji ranar nan har tuwo na bari ya kama.

Sai ya zo kan wani fim na wata mai sayar da nono. An zo an gaya mata mijinta ya rasu a hanya, tana durƙushe gaban ƙwarya. A fina-finanmu in an faɗi mutuwa dole abin da ke hannu ya faɗi ya fashe. Ita wannan ba ta saki komai ba. Ta ɗauko faifai ta rufe nonon, ta ja ƙwaryar zuwa inuwa, ta goge hannu a zane, sannan ta zauna a ƙasa. A littafina na rubuta mata: ba ta iya nuna firgita ba, ta ɓata kusan minti guda a banza. Shi kuwa nan ya tsayar da hoton, ya ce a duk fim ɗin babu abin da ya kai wannan minti ɗaya. Na ce yau kam ya yi ƙarya, kuma ina da shaida a Bungudu.

Ranar Asabar na shiga mota na tafi. Inna ba ta kallon fim, ta ce mutanen ciki suna da surutu. Na lallashe ta, na riƙe mata wayar kusa da fuska don idonta. Ta kalla, ta ce in maido baya. Na maido.

"Wagga ɗiya ta ga uwarta ta yi haka," in ji ta. "Ba koya mata anka yi ba."

"Inna, an ce mata mijinta ya mutu fa."

"Awo. Ni ma da anka ce mini Malam ya cika, tukunya na bisa wuta. Sai da na sauke."

Malam shi ne babana. Ina gidan ranar, shekarata goma sha biyu, kuma na gan ta tana sauke tukunyar nan. Shekaru talatin da wani abu ina riƙe da abin a raina, ina ganin ba ta damu ba. Ban gaya mata ba. Na sa wayar a jaka na tambaye ta ko ta sha maganinta.

Da na dawo Gusau na ɗauko littattafan nan biyu na koma kan laifuffukan ɗaya bayan ɗaya, fim yana tafiya a gefe. Agogon yana nan, inuwar mai kyamara tana nan. Amma a cikin goman farko da na sake dubawa, huɗu ba laifin fim ba ne, rashin ganina ne. Na san ba zan iya kai kundin nan yadda aka ba ni shi ba. Sau uku ina zuwa ƙofar ofishin Malam Bawa ina juyowa ban ƙwanƙwasa ba. A ƙarshe na rubuta masa wasiƙa shafi huɗu, na miƙa masa, na tsaya. Shafin farko kawai ya karanta.

"Hajiya, ni kike so in sa hannu a kan yabon 'yan fim? Ina jan salla a unguwarmu."

"Ba yabo ba ne, Malam."

"To mene ne?"

Amsar tana shafi na uku, a tsare, da misalai. Bakina ya ƙi faɗinta.

"An rufe sauya batu tun watan jiya," ya ce. "Ki kawo mini illoli nan da mako uku ki fita tare da 'yan ajinki. In ba haka ba sai baɗi, ki nemi wani malamin."

Kada ku ɗauke shi mugu. Ɗalibai sun yi masa yawa, kuma hanyar da ya tarar ita yake bi. A ganinsa taimakona yake yi.

Babanku ma haka ya gani. Shi da ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, ya san yadda takarda take tafiya daga tebur zuwa tebur.

"Rabi, ba su abin da suke so. Illolin nan ba ƙarya ba ne, ke da hannunki kika cika littafi biyu. Ki karɓi takardarki, Inna ta gani, sannan ki zauna ki yabi duk wanda kika ga dama."

"Mai nonon fa?"

"Cire ta. Wa zai san an cire?"

Gaskiyarsa ce, kuma na gwada. Kwana tara ina rubutu, na gama babi uku. Larai tana bugo waya daga Tsafe tana cewa ita ta jawo, ta tuba, in goge mutumin nan daga wayata. Ku kuma kuna wucewa kuna ganina da waya a hannu, a nan labarinku ya samo asali. Amma a gaban kowane kundi akwai shafin da ɗalibi yake sa hannu cewa abin da ke ciki shi ya bincika, kuma abin da ya gano ke nan. Na buga shafin, na ajiye shi a gabana, na ɗauki biro. Ni na san ba abin da na gano ke nan ba. Rabinsa ne, rabin da aka aike ni in ɗauko. Ko taurin kai ne ko tsoron Allah, har yau ban iya raba muku su ba, babanku dai ya ce taurin kai ne kuma ya fi ku sanina. Mako ukun suka cika ban kai komai ba.

Gaya wa Inna ya fi komai wuya. Na je da safe, na share mata ɗaki, na wanke mata kwanuka, na yi duk abin da zai hana ni zama. Ita ta tsayar da ni.

"Zauna. Mi ya faru?"

Na gaya mata. Ta kalli ƙafafunta.

"Shekara guda."

"I, Inna."

"Kin tambaye ni ko ina da ita?"

Kafin in buɗe baki ta ƙara jefo wata tambayar.

"Ɗiyar nan mai nono, ta san kina yi mata wanga aiki?"

"Ba ta sani ba."

"Shi mai surutun cikin waya fa?"

"Shi ma bai sani ba."

"To," ta ce, ta juya ta gyara filonta. Ba ta ce na kyauta ba, ba ta ce na yi laifi ba. Na so ta faɗi ɗaya daga ciki.

'Yan ajinmu suka sa rigarsu suka yi hotuna, wasu har suka turo mini. Da aka koma makaranta, wata matashiyar malama ta karɓe ni, ta karanta wasiƙar nan har shafi na huɗu. Sabon batuna shi ne abin da fina-finan suka kama daidai na zaman gida da abin da suka ɓata. Illolin ban zubar da su ba, suna da babinsu, rawar nan kaɗai ta ci shafi biyar. Sai dai yanzu kafin in ja wa wuri jan layi sai na kalle shi sau uku, na ukun ina tambayar kaina me suka so yi. Wannan daga mai kujerar roba na koya, ba daga aji ba, kuma na rubuta haka a cikin kundin. Har yau ina kallonsa duk mako. Bai rage gaisuwa ba, bai gyara labulen ba, kuma wani lokacin yana yabon abin da bai kai ba, in yi ta yi masa faɗa ni kaɗai a kicin. Amma a ƙasar da kowa ya iya nuna inda aka kasa, shi ya zaɓi aikin da ya fi wuya, kuma yana yinsa da gaskiya. Sau uku na rubuta masa saƙon godiya ina gogewa.

Inna ba ta kai bikin ba, wannan kun sani. Abin da ba ku sani ba shi ne zuwana na ƙarshe. Da damina ne, an jingina ta da filo uku don ba ta iya kwanciya sosai, numfashi ba ya barinta. Na je da kundin a jaka, ban gama ba, ban kuma yi niyyar fito da shi ba. Ita ta ga takardu sun leƙo.

"Shi ke nan abin?"

"Shi ne."

"Karanta mini wurin nono."

Na nemo shafin na karanta a hankali, ruwa yana dukan kwano ina ɗaga murya. Na rubuta cewa matar ta rufe ƙwaryar ne don kada ƙuda ya faɗa, cewa macen da ta tashi a ruga ko a cikin tashin hankali ba ta barin nono ya lalace. Haka shi ma mai shirin ya faɗa, kuma ina alfahari da yadda na tsara jimlar. Inna ta ɗaga hannu.

"Ba don ƙuda ba."

"To don me, Inna?"

Sai da ta huta kafin ta amsa.

"Muddin hannunki shina aiki, mutumin bai mutu ba tukuna. In kin aje, shi ke nan. Shi ya sa ake neman abin rufewa." Ta nuna takardar da haɓa. "Goge ki gyara. Shekara guda kin ƙara, kuma ba ki gani ba."

Na ɗora takardar a gwiwa na soke layin, na rubuta nata a samansa. Ta sa na sake karantawa daga farko, ta ce yanzu ya yi. Kwana goma sha ɗaya bayan nan ta rasu.

Maganar tana shafi na arba'in da ɗaya, yadda ta faɗe ta, da Hausarta, ban sauya ko harafi ba. Malamar ta tambaye ni daga wane littafi na samo, don doka ce a nuna tushe. Na sa sunan Inna a ƙasan shafin, da sunan babanta da garinsu, a inda ake sa sunayen masana.